Haƙoran Shanu da Gajimaren Majelan

Sau uku na fita neman Babban Gajimaren Majelan, sau ukun ba abin da na samo sai mura da tsagewar leɓe. Laifina ne. Manhajar taurarin da ke cikin wayata ta nuna mini cewa cikin Janairu, wajen ƙarfe goma na dare, abin yana miƙewa daidai kudu, ni kuma na ɗauki maganarta kamar ta taɓa kwana a Maraɗi. Ba ta san hunturu ba. Hazo kan zauna a gindin sama kamar an zazzage buhun gari, ko rana sai ta hau sosai kafin ta yi kaifi, balle ɗan farin tabon da bai rabu da ƙasa da kirki ba.

Lissafin ba wuya, har ƴan ajina na sa sun yi shi a allo. Maraɗi na kan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Gajimaren kuwa yana can kudancin sama, kusa da digiri 70. In ka cire su biyun daga 90, abin da ya rage bai cika digiri 7 ba. Miƙa hannunka gaba, ka kwantar da yatsu huɗu bisa inda sama ta haɗu da ƙasa: iyakar tashinsa ke nan a wurinmu. Bishiyar maina ɗaya ta isa ta ɓoye shi. Mutumin Faransa ba ya ganinsa ko kusa. Mu muna bakin iyaka ne, muna leƙe.

Sunansa gajimare, amma ba ya ɗauke da ko ɗigon ruwa. Taurari ne biliyoyi a tattare wuri guda, nisa ya haɗe haskensu ya zama kamar hayaƙi. Irin wannan taro ni garke nake ce masa a aji, don ban sami kalmar da ta fi ta dacewa ba. Rana tamu tana cikin babban garke, wanda gefensa ne farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da ba farin wata, littattafai na ce masa Hanyar Madara. Taurarinsa sun kai biliyan 100 ko fiye. Kewaye da shi akwai ƙananan garkuna da yawa masu raka shi, kuma Babban Gajimaren shi ne mafi girma a cikinsu. Haske, da duk saurinsa, sai ya yi tafiyar shekara wajen 160,000 kafin ya iso mana daga can. Yana da ƙane, Ƙaramin Gajimare, wanda ya ɗan fi shi nisa. Sunan Majelan ya manne musu ne saboda tafiyar jiragen ruwan da Majelan, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, ya jagoranta daga 1519, alhali mutanen kudancin Afirka da na Ostareliya sun san su tun kaka da kakanni.

To me ya kai malamin lakwal mai iyali yawon dare a kan wannan? Kawuna ne sila, ko da yake shi bai sani ba.

Kawu dillalin shanu ne, a kara ya tsufa. Wata ranar kasuwa cikin 2013 na raka shi, wani makiyayi daga wajen Dakoro ya koro shanu masu yawa. Kawu bai tambayi kuɗi ba tukuna. Sai ya shiga cikinsu, ya riƙa kama hanci da hannun hagu, ya ja leɓen ƙasa da babban yatsa, ya leƙa, ya saki, ya wuce ta gaba. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa. Maraƙi na da ƴan ƙanana na nono. Daga wajen shekara biyu yake fara zubar da su biyu-biyu, manya masu faɗi su fito, har su cika takwas wajen shekara biyar, daga nan kuma sai su fara cinyewa. Da ya gama ya goge hannu a gefen riga, ya dubi makiyayin ya ce, "Sannu da haƙuri. Shekarar nan ta taɓa ka ƙwarai." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne ya bar masa iri.

A hanya na ce, "Kawu, ka san shi ne?"

Ya ce, "Ɗana, yau na fara ganinsa. Amma ka duba: ga tsofaffi masu cikakken baki, ga ƴan maruƙan bana da na bara. Ina masu haƙori huɗu? Babu ko ɗaya. Ƴan shekara uku ke nan. Ƙirga baya."

Na ƙirga, na faɗa kan 2010, shekarar da fari ya kwantar da dabbobi a arewacin jihar nan bayan daminar 2009 ta gaza. Uwar da ba ta ƙoshi ba ba ta ɗaukar ciki, wadda ta haihu ba ta da nonon raya ɗa. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma yana nan cikin bakin shanun, kuma abin da ya ba Kawu labarin su ne waɗanda babu.

Shekaru bayan haka, ina shirya darasi, na ci karo da yadda masana ke gano tarihin haihuwar taurari a Gajimaren Majelan, na ajiye alƙalami na yi dariya ni kaɗai. Aikin Kawu ne sak.

Haƙorin tauraro shi ne nauyinsa. Tauraro na rayuwa ne da ƙona iskar haidirojin a cikinsa, tana rikiɗa zuwa hiliyam. Hankali zai ba ka cewa babba, tunda ya fi guzuri, shi zai fi daɗewa. Ba haka ba ne. Nauyinsa na matse cikinsa, zafi ya yi yawa, ya cinye guzurin da gaggawa. Tauraron da ya ninka rana sau goma a nauyi yana ba da hasken da ya ninka nata sau dubbai, launinsa shuɗi-shuɗi, kuma wutar kara ce: wanda ya ninka rana sau ashirin, shekara wajen miliyan 10 ya gama. Rana kuwa tana da kimanin shekara biliyan 10 na rayuwa, ta ci biliyan 4.6 a ciki. Ƙananan jajaye, waɗanda ba su kai rabin rana ba, su ne garwashin kirya. Tun da aka yi sammai shekara biliyan 13.8 da suka wuce ba wanda ya ƙone ƙurmus a cikinsu.

Yanzu ɗauki curin taurari, wato waɗanda aka haifa lokaci guda daga dunƙulen iska guda, kamar maruƙan damina ɗaya. Ka auna hasken kowane da launinsa, ka ɗiga su a takarda: masu haske sama, dusassu ƙasa, shuɗɗa hagu, jajaye dama. Wannan zane ya samo suna daga Ejnar Hertzsprung da Henry Norris Russell, waɗanda suka fito da shi tsakanin 1911 da 1913. Ɗige-ɗigen kan jeru a layi guda mai gangarowa daga sama hagu zuwa ƙasa dama. In curin sabo ne, layin cikakke ne har ƙololuwa. In ya kwana biyu, manyan sun mutu, saman layin ya gutsure, waɗanda ke bakin gutsurewar sun kumbura sun yi ja sun karkata dama. Layin yana cinyewa daga sama kamar kyandir. Inda ya lanƙwasa, nan ne shekarun curin. In ka tarar har taurari masu nauyin rana sun fara karkata, to curin ya ba shekara biliyan 10 baya.

Gajimaren yana da wata fa'ida da garkenmu ba shi da ita. Mu a tsakiyar namu muke, tauraro dusasshe ba ka sani nan take ko ƙarami ne ko nisa ya yi ba. Na can kuwa duk nisansu kusan ɗaya ne daga gare mu, don haka wanda ya fi haske, da gaske ya fi. Da wannan dabarar ce Henrietta Leavitt, tana duba hotunan Ƙaramin Gajimare a jami'ar Harvard ta Amurka, ta nuna a 1912 cewa wasu taurari masu ƙyaftawa, gwargwadon haskensu gwargwadon jinkirin ƙyaftawarsu. Taurari 25 kacal ta jera, amma da ma'auninta aka auna nisan sauran garkuna daga baya.

To ga abin da aka tarar da aka buɗe bakin Babban Gajimaren. Akwai tsofaffin curi, dunƙulallu kamar ƙwallo, goma sha wani abu, masu shekara biliyan 12 zuwa 13, sa'annin tsofaffin garkenmu. Akwai kuma curi rututu waɗanda ba su wuce shekara biliyan 3 zuwa 4 ba, har zuwa jariran da ake haifa yanzu. Tsakani fa? Wayam. Kusan shekara biliyan 8, kusan ninki biyu na shekarun duniyar da muke takawa, ba masu haƙori huɗu. An daɗe curi ɗaya tak aka sani a cikin giɓin, mai lamba ESO 121-SC03, ɗan shekara wajen biliyan 9, yana zaune shi kaɗai can gefe. Daga baya an ƙara tsinto ƴan kaɗan, amma giɓin na nan.

Na kai wa Kawu wannan labari wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a zaure ana ta kai-kawo da shayi. Na zaci zai yi mamaki. Sai ya yi mini gyara.

"Mushe," wato malamin lakwal, haka yake kirana in zai tsokane ni, "kada ka yi saurin yanke hukunci. In ka rasa ƴan shekara uku a garke, abu uku ne. Ko ba a haife su ba, ko sun mutu, ko mai su ya sayar ya yi aure. Ɗayan nan kuma da ka ce yana gefe shi kaɗai, ka bincika, watakila sayo shi aka yi."

Na yi shiru, don kusan duk abin da ya lissafa masana sun yi gardama a kansa. Curin taurari ba ya dawwama. Ƙanana kan warwatse a hankali, taurarinsu su bazu cikin jama'a. Saboda haka rashin curi bai isa shaida cewa ba a haifi taurari ba. Shi kuwa ESO 121-SC03, akwai masu ganin daga Ƙaramin Gajimare aka fizgo shi. Abin da ya sa ba a tsaya kan curi kaɗai ba ke nan, aka koma kan taurarin fili, waɗanda ke warwatse ba ƙungiya. Nan aikin ya fi wuya, don duk tsararraki sun cakuɗe a zane guda, sai an sa kwamfuta ta yi ta gwada haɗi iri-iri, kashi kaza tsofaffi, kashi kaza matasa, har ta dace da abin da aka gani.

Jason Harris da Dennis Zaritsky sun yi wannan da taurari miliyan 20, suka fitar da sakamako a 2009. Abin da suka samu: an yi haihuwa mai yawa da fari, sannan abu ya lafa daga wajen shekara biliyan 12 zuwa biliyan 5 da suka wuce. Bai tsaya cak ba, ya dai yi ƙasa ƙwarai, irin garken da ake samun maraƙi ɗaya-biyu a shekarar wahala. Daga nan ya farfaɗo, kuma tun lokacin, in an daidaita, ana haifar abin da ya kai nauyin rana ɗaya duk shekara biyar. Cikin wannan ma akwai shekarun albarka da suka yi fice: wajen biliyan 2 da suka wuce, da miliyan 500, da miliyan 100, da miliyan 12.

Akwai shaida ta biyu da ke tafiya tare da ta haƙori, wato abin da ke cikin jikin tauraron. Taurarin farko ba su da komai sai haidirojin da hiliyam. Ƙarfe, da iskar da muke shaƙa, da sinadarin ƙashi, duk a cikin taurari aka dafa su, in sun mutu su watsa su cikin iskar da za a haifi na gaba. Kamar gona ce da ake zuba wa taki: kowace tsara ta fi ta baya samu. Tsofaffin curin Gajimaren ƙarfen jikinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da rana ke da shi ba, ƴan bana kuwa sun kai wajen rabi. Wanda ya fara raba taurari gida biyu, matasa da tsofaffi, shi ne Walter Baade a 1944, a dutsen Wilson na Amurka. Abin da ya taimake shi zai ba ɗan Maraɗi dariya: saboda yaƙi an rage fitilun birnin Los Anjalis, sama ta yi duhu sosai. Mu da ake ɗauke mana wuta ba tare da yaƙi ba, da muna da madubin hangen nesa irin nasa da mun yi suna.

Me ya ta da garken daga barci? Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙanen ma ya farfaɗo wajen lokaci guda, kuma albarkar biliyan 2 da ta miliyan 500 sun zo kusan tare a gidajen biyu. In garke biyu suka yi fari tare suka yi damina tare, makiyayarsu ɗaya. Gajimaren biyu suna kewaya juna, duk lokacin da suka matso kusa sai janyewar junansu ta motsa iskar cikinsu ta matse ta, iska kuwa in ta matsu taurari take haifa. Alamun kokawar suna nan a fili ga na'urorin da ke kama siginar rediyo: gadar iska tsakaninsu, da wata doguwar jela ta haidirojin da suka bari a baya, wadda ta ratsa fiye da rabin faɗin saman da ido ke gani. A da an ɗauka sun daɗe suna kewaya garkenmu. Amma da aka auna gudunsu da madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya a 2006, sai aka ga suna sauri ƙwarai, har masana da yawa suka koma ganin wannan ne zuwansu na farko. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini, don ƙananan garkunan da suka daɗe a gindin namu, irin wanda Harlow Shapley ya gano a 1938 a rukunin taurarin da ake kira Sculptor, an yashe musu iska ƙaf, ba su da sauran matasa, tsofaffi zalla. Babban Gajimaren kuwa har yanzu rumbunsa da hatsi.

Shaidar haka ita ce wurin da ake kira Tarantula, da sunan wani babban gizo-gizo, wanda ba a san wurin haihuwar taurari mai ƙarfinsa ba a duk garkunan maƙwabtanmu. A tsakiyarsa akwai curin R136, ɗan shekara miliyan 1 zuwa 2, kuma a ciki akwai tauraron da ake ƙiyasta ya ninka rana wajen sau 200. A gefen wurin ne wani shuɗin tauraro mai nauyin rana wajen ashirin ya fashe, haskensa ya iso duniya ranar 23 ga Fabrairun 1987, aka gan shi da ido ƙuru-ƙuru, abin da rabon a ga irinsa tun 1604. Ina lakwal ta firamare a lokacin, muna fama da tebur na ninkawa, ba wanda ya ce mana mu dubi kudu. Ko an ce ma, Fabrairu ne, hazo ba zai bari ba.

Sai bara hankalina ya kai ga abin da ya kamata in gane tun farko. Taurari kan riga fitowarsu ta jiya da kusan minti huɗu kowane dare, wato awa biyu a wata. Abin da ke miƙewa ƙarfe goma na dare a Janairu, yana miƙewa wajen ƙarfe huɗu na asuba a ƙarshen Oktoba. Lokacin damina ta wanke sama, hunturu bai iso ba, ana cikin kaka. Na jira har jinjirin wata ya tsaya, yadda zai faɗi tun da wuri ya bar mana duhu. Na aro madubin hangen nesa na hannu, wanda muke ce wa jumel, wurin wani abokin aiki, na lallaɓi ƙanena ya kai ni a moto. Uwargida ta bi ni har ƙofa da bargo ta ce, "Malam, in wani abu ke kiranka cikin dare ka faɗa mini tun da wuri a nemi addu'a."

Muka bi hanyar Madarunfa, muka tsaya bakin wata gona da aka riga aka girbe, ba bishiya a kudu sai kututturen kara. Wani dattijo mai gadin dammunan hatsi ya hasko mu da tocila, muka yi sallama, na roƙe shi ya kashe. Ya ce, "Ku ma'aikatan gwamnati ne?" Na ce, "A'a Baba, tauraro muke nema." Ya ce ga su nan birjik, in ɗauki wanda nake so.

Na fara da Suhailu, farin tauraron nan mai ƙyalli a kudu wanda malamai suka sani, shi ne na biyu a haske duk sama. Daga shi na gangara ƙasa, na ɗan karkata dama. Minti ashirin ban ga komai ba sai baƙi da ɗan jan hasken wani gari can nesa. Ido ya saba da duhu, na daina kallon wurin kai tsaye, na dubi gefensa kaɗan, don gefen ido ya fi tsakiyarsa kama abu dusasshe. Sai ga shi. Ba kyan gani irin na hotunan intanet, wani ɗan fari-fari ne mai tsawo, kamar inda aka goge alli da hannu a baƙin allo. Da na ɗora jumel, na jingina gwiwar hannu a sirdin moto don kada ya yi rawa, sai tsawon ya fito sosai, kuma a gefen hagunsa ga wani ɗan tabo da ya fi sauran haske, kamar ƙwayar auduga. Tarantula ke nan. Hannuna ya ɗauki rawa duk da sirdin.

Na miƙa wa dattijon. Ya daɗe yana nema, ya juya jumel ɗin ya sake juyawa, can ya ce, "Wannan hayaƙin? Ai wani ne ke ƙona kara wajen Jibiya." Na ce masa hayaƙin nan ya baro gidansu shekara 160,000 da suka wuce. Ya miƙo mini abina ya ce, "To Allah ya kawo shi lafiya," ya koma kan tabarmarsa.

Ba mu yi awa ɗaya ba abin ya fara gangarawa yamma, ƙurar gindin sama ta haɗiye shi. Aka kira assalatu a ƙauyen da ke bayanmu, muka yi salla tare da dattijon a bakin gonar, ya ba mu zangarniya biyu mu kai wa yara tumu. A hanyar dawowa tayar baya ta yi faci, muka tura moto har bakin kwalta, na shiga aji ƙarfe takwas da rabi da ƙaiƙayi a wando. Kwana goma sha biyu bayan nan iskar gabas ta taso, hazo ya sauka.